Sallar da Muka Yi da Baƙuwa

Yara, in an tambaye ku abin da ya fi muku daɗi a Ƙaramar Salla, na san amsoshinku. Wani ya ce sabuwar riga, wani ya ce tuwon shinkafa da miyar kaji, wata kuwa ta ce ƙunshi da kitso da yawon karɓar goron Salla. Duka gaskiya ne. Amma akwai wata irin Salla wadda ba kowace shekara takan zo wa gida ba, watau wadda ta tarar da jariri sabon haihuwa a ɗaki. Irinta ce ta same mu a shekarar 2024.

Mu mutanen Tambuwal ne, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Kudu da mu akwai Kebbe, ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa. Kada ku rikita ta da Jihar Kebbi, gama Kebbe ƙaramar hukuma ce a cikin Jihar Sakkwato. To, can Kebbe aka kai babbar ɗiyata aure. Kun san bisa ga al'adarmu, mace takan koma gidan iyayenta ta yi haihuwar fari, domin uwarta ta kula da ita, ta koya mata goyo. Saboda haka tun kafin a kama azumi aka kawo mana ita.

Ranar Laraba, 3 ga Afrilu, wadda ta yi daidai da 24 ga watan azumi, ta sauka lafiya a asibiti, aka sami ɗiya mace. Kafin a sallame su, sai da aka ɗiga wa jaririyar maganin shan inna a baki, aka yi mata allurar rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta. Ƙanen mai jego, wanda yake aji huɗu, ya wayi gari ya zama kawu. Ƙanwarsa 'yar aji biyu ta zama inna. Ranar nan ko kiran sunansu na yanka ba su yarda a yi ba.

Tun daga wannan rana gidanmu ya sake. Wadda ta fi kowa ƙanƙanta ita ta zama mai mulki. In ta yi barci, kowa ya rage murya. In ta farka, kowa ya farka, ko lokacin sahur bai yi ba. Kuɗin da aka tanada domin kayan Salla, sai ga wani kaso nasa ya tafi wajen itacen wankan jego da ƙafafun sa da kayan yaji, ga shi kuwa shekarar kaya sun yi tsada ƙwarai. Kawu ya sami riga, amma bai sami sabon takalmi ba. Ya ɗan ɓata rai kwana guda, sa'an nan ya wanke tsohon ya shanya.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai matuƙa, manya suna azumi leɓunansu sun bushe. Wata gwaggona, tsohuwa mai tausayi, ta dubi jaririyar ta ce, "Haba, mu manya ma ƙishirwa ta kusa kashe mu, balle wannan 'yar mitsitsiya! A ba ta ruwa ko cokali guda." Uwargidana ta ce, "Gwaggo, ruwanta yana cikin nono. Mai jego za mu ɗura wa, ita kuwa ta ba ɗiyarta." Gaskiyarta ce. Mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma mai tsabta, shi ya sa likitoci suka ce a ba jariri nono zalla har wata 6. Ruwan randa kuwa, ko ya yi garau a ido, yana iya sa masa gudawa. Mai jego ba ta azumi, sai daga baya ta rama, saboda haka ta yi ta shan ruwa da kunu. Kunun ma an rage masa kanwa, ruwan wanka kuma aka riƙa sirka shi, gama tun wajen shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura yawan kanwa da tsananin zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Gwaggo ta yi gunaguni, ta ce su da tafasasshe suka yi nasu. Amma ba ta hana ba.

Sai kuma ga wata magana ta taso. Ranar da aka haifi yaro, ranar takan zagayo a yi suna, watau Laraba ke nan, 10 ga wata. Salla kuwa ba a san ranarta ba sai an duba wata. Daren Litinin muka kasa kunne ga rediyo, sai fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta ba da sanarwa ba a ga wata ba, a cika azumi 30. Ashe Salla da suna sun haɗu rana ɗaya!

Mutanen Kebbe suka yi murna ƙwarai. Suka aiko cewa tun da abin ya zo haka, a kawo mai jego da baƙuwa a yi biki biyu a haɗe, dangi na ƙauyuka duk za su shigo Idi, kowa ya ga jikarsu ta fari. Kada ku ga laifinsu, yara. Ɗiyarsu ce, ragon ma su za su yanka. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Jaririya 'yar kwana bakwai, cibiya ba ta gama warkewa ba, a sa ta cikin mota da wannan zafi da ƙura, a kai ta cikin taro kowa ya karɓa ya miƙa wa wani? Bazara kuwa ita ce lokacin sanƙarau da ƙyanda, su kuma cunkoso suke so. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 2017 a Sakkwato da Zamfara ba su manta ba. Sai dai ƙin maganar surukai ba ƙaramin abu ba ne, zumunci yakan tsinke a kan abin da bai kai wannan ba.

Ban ba da amsa ta waya ba. Ranar jajibere da hantsi na ɗauki Kawu muka tafi Kebbe da kanmu, gama a shekarun nan ba a son tafiyar dare a wannan hanya. Bayan an sha ruwa, na zauna da kakan jaririyar na wajen uba, na ce, "Alhaji, baƙuwa taku ce, ajiya kuka ba mu. Ina roƙon a bar mana ita ta yi arba'in, mu maido muku da ita da ƙwarinta. Amma ga ni na zo da ƙafata, a nan zan yi Idi, a ƙofar gidanka za a raɗa suna." Ya yi shiru yana jan tasbaha, har na fara jin nauyi. Can ya ce, "Malam, wanda ya baro Idin garinsu ya zo namu, ai ba a mayar da shi da kunya. A bar ta."

A daren nan Kawu ya koyi wani abu. Ya ga uban jaririyar ya fito da buhun gero yana awon zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu domin kowane mutum. Ya auna nasa, ya auna na matarsa, sa'an nan ya sake auna huɗu. Kawu ya ce, "Wannan na wane ne?" Aka ce na baƙuwa ne. Ya ce, "Ita da ba ta yi azumi ba, ko suna ba ta da shi?" Alhaji ya yi dariya ya ce, "Duk wanda ranar ƙarshe ta azumi ta faɗi yana da rai, an ƙidaya shi. Ba a rage mata ko ƙwaya ɗaya don ƙanƙantarta." Ni a ganina wannan ne farkon shigarta cikin jama'a: ba ta san kowa ba tukuna, amma wani matalauci a Kebbe ya ci tuwon Salla da geronta.

Da gari ya waye muka tafi filin Idi. Da aka sauko, jama'a suka zarce ƙofar gidan Alhaji da manyan rigunansu, ba a ma sha wahalar gayya ba. Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka raɗa mata suna Asma'u, domin Nana Asma'u ɗiyar Shehu, malamar da ta karantar da mata a ƙasar nan, 'yar'uwar Buharin da ya kafa Tambuwal. Aka ba mu naman mai jego, muka kamo hanya tun rana ba ta karkata ba.

A gida kuwa, ƙaramar Inna ba ta je yawon Salla ba. Uwarta ta ba ta aiki: ta zauna a bakin ƙofar ɗakin mai jego da buta da sabulu, duk mai son ɗaukar baƙuwa sai ya wanke hannu, mai tari ko mura kuma ya yi barka daga waje. An gaya mini har Gwaggo sai da ta miƙa hannu aka zuba mata. Ƙawayenta suka zo da kwalliyarsu suka kira ta, ta ce ba ta da sukuni. Matan da suka zo suna kuwa kusan kowace ta ba ta goron Salla, har da yamma ta fi masu yawon samu. Wanzami ya zo ya aske gashin jaririya kawai, aka ce masa a bar beli inda Allah ya ajiye shi.

Muna isa, Kawu ya ruga cikin gida yana cewa, "Albishirinku!" Labarin sunan ya riga mu isowa ta waya tun da safe, amma matan nan suka yi kamar ba su ji ba. Suka ce, "Goro!" Ya faɗa, aka ɗauki guɗa, uwarsa ta ba shi tukwici. Da shi ya cika ya sayi takalmi ranar kasuwa.

Da suka yi arba'in, cikin watan Mayu, muka mayar da su Kebbe da gara, jaririya ta yi ɓul-ɓul. Babbar Salla, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni, can ta same ta a hannun Alhaji. Abu ɗaya ne gidajen nan biyu ba su daidaita a kai ba, shi ne laƙabi. Gwaggo ta ce Azumi ce, tun da cikin azumi ta zo. Mutanen Kebbe suna kiranta Tasalla, domin ranar Salla ta sami suna. Ni kuwa Balaraba nake ce mata, kuma da ta yi wayo duka ukun takan waiwaya.