Jan Launi Ya Gagari Na'ura

Duk cikin launuka babu mai wahalad da masu ɗaukar hoto irin ja. Idon ɗan Adam yakan dubi jar dara, da jan barkono, da jar rigar dogari, ya rarrabe su nan take. Kyamarar zamani kuwa sau da yawa sai ta game su wuri guda, su zama ja ɗaya, ba inuwa, ba alamar zare.

Akwai wani dattijo mai sana'ar hoto a Zariya wanda wannan al'amari ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru yana ɗaukar hawan Salla da fim ɗin Kodachrome, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi cikin 1935. Da aka daina yin fim ɗin cikin 2009, aka kuma rufe wankinsa a Amurka a ƙarshen 2010, sai ya ƙudura niyyar juye hotunansa cikin kwamfuta domin jikoki. Abin da na'urar kwafa ta ba shi bai yi masa daɗi ba, gama jan rigunan dogarai ya cushe, har ɗinkin ya ɓace. Dalili kuwa shi ne, rinin wannan fim dabam yake, dole sai an daidaita na'urar da shi tukuna.

Ya koma ga sabuwar kyamara, nan ma bai tsira ba. Bisa tsarin da Bryce Bayer ya ƙago, aka yi masa rajista cikin 1976, cikin kowaɗanne ƙwayoyi huɗu masu karɓar haske, biyu na kore ne, ɗaya na shuɗi, ɗaya tak na ja. Har wa yau, a hoton JPEG ana ƙidayar kowane launi ne daga 0 zuwa 255. Jan da ya ƙoshi yakan kai 255 tun sauran ba su yi nisa ba, watau mudu ya cika, abin da aka ƙara sai zuba. Ma'aunin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka tsara cikin 1996, shi ma bai iya ɗaukar ja mai zurfi ƙwarai.

Sannu a hankali dattijon ya gano dabara. Yakan rage haske kaɗan in zai ɗauki abu ja, ya ajiye hoton a tsarin RAW, sa'an nan ya gyara a natse. Tsofaffin fina-finansa kuwa ya hana a zubar, ya kuma rage haska su a bango, domin Kodachrome yana daɗewa a duhu, hasken fitila ne ke kashe shi. Lalle mai irin wannan ajiya ya riƙe ta da kyau, don in an sami na'urar da ta fi ta yau, wurin asalin za a koma.