Abin da Kalmar Faifai Ta Rufe

Kalmar faifai ta daɗe tana yi wa Hausa hidima. Daga faifan da ake rufe ƙwarya da shi ta koma kan na garmaho, ta wuce kan na bidiyo, yau kuma ita muke liƙa wa duk abin da kwamfuta ke adana bayanai a cikinsa. Na fara ganin iyakarta ne sa'ad da nake nazarin littattafan injinan kamfanin DEC na Amurka, wato PDP-11 da ya fito a 1970 da kuma VAX da ya biyo shi a 1977. Tambayata guda ce: idan aka ciro faifai daga wannan injin aka kai shi wancan, zai karantu?

Tun daga sunan injinan ma akwai tarko. Masu su suna kiransu ƙananan kwamfutoci, alhali da yawansu sun kai tsayin firji ko sun fi. Ƙanƙantarsu ta kwatance ce da manyan injinan da ke cika ɗaki. Wanda ya fassara sunan kai tsaye zai sa mai karatun yau ya hango kwamfutar cinya.

Abin da muke haɗawa a kalma ɗaya, su abubuwa huɗu ne a wurinsu, kowanne ana sayensa daban, kowanne yana lalacewa daban. Akwai faifan kansa, mai faɗin inci 14 a cikin kwanson roba, wanda ake ɗauka da hannu. Akwai injin da ke juya shi ya karanta. Akwai allon da ke tsakanin wannan injin da kwamfuta, wanda ni tafinta nake ce masa, domin aikinsa ke nan. Sai kuma hanyar da allunan kwamfutar duka ke magana ta cikinta, wadda suke kira bas. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin "domin kowa", wadda ita ce ta haifi sunan motar haya. Ashe bas ɗin tasha da na cikin inji 'yan gida ɗaya ne.

Faifan RL02 ya ishe mu misali. Megabait 10 kacal yake ɗauka, abin da bai kai hotuna biyar na wayar hannu ba. Injin juyinsa bai damu da kwamfutar da aka jona shi da ita ba, tafintan ne ke sauyawa: RL11 ga mai hanyar Unibus, RLV12 ga mai Q-bus, RL8A ga PDP-8. Tafinta ɗaya yana jan injina huɗu a jere, kowanne da lambarsa daga 0 zuwa 3, wadda ake cusa masa a goshi da wani ɗan maɓallin roba. Saboda haka wanda ya ce zai mayar da faifai daga PDP-11 zuwa VAX bai faɗi komai ba tukuna. Kwanson zai ɗauka, ko injin juyin, ko har da allon?

Wanda ya fi burge ni shi ne RK05, wanda ya girmi RL02. A jikin zoben da ke tsakiyar faifan an yanka tsaga-tsaga, kuma su ne ke gaya wa injin inda kowane yanki ya fara. Na PDP-11 yanki 12 ne, na PDP-8 kuwa 16. A ido ba ka raba su sai ka juya ka ƙirga. Kamfani ɗaya, injin juyi ɗaya, amma bambancin yana cikin ƙarfe, babu umarnin da zai gyara shi.

Ko an dace da duk wannan, saura tsarin rubutun. RT-11 yana jera fayiloli ta hanyarsa, RSX-11 ta tasa, VMS kuma ta tasa. Faifan yana iya juyawa lafiya, kwamfutar ta gan shi, ta kasa sanin abin da ke ciki, kamar wanda ya iya boko aka miƙa masa ajami. Dalilin da ya sa aka tanadi manhajoji irin su FLX da EXCHANGE ke nan, don ɗebo fayil daga baƙon tsari.

A ganina, mai ƙirƙirar kalmomin fannu ba ya da ikon haɗe abin da masu sana'ar suka raba, ko da kalmar tasa ta fi daɗin faɗa. A nan kuskuren ba na nahawu ba ne kawai. Faifan da ya kwana shekara arba'in a ajiye ba ya jure yawan gwaji. Kan karatun yana shawagi ne dab da fuskarsa, idan ya taɓa ta ya kankare abin da ke rubuce. Mai bin umarnin da aka fassara masa da faifai a gurbin abubuwa huɗu zai iya salwantar da kwafi ɗaya tilo da ya rage na wani aiki.

Compaq ya saye DEC a 1998, injinan kuma yawancinsu sun koma gidajen tarihi da hannun masu sha'awa. Yanzu ana kwafe faifan gaba ɗaya ya zama fayil, a buɗe shi da manhajar SIMH mai kwaikwayon tsoffin injinan. A can ma ana gaya mata wane irin injin juyi ne da lambarsa, sannan a jona masa faifan.