Rabin Ciwo

A Abu Hujar, kamar ko'ina Bahaushe ya zauna, in ka je gaishe da mara lafiya ka ce, "Yaya jiki?" amsa ɗaya za ka ji, watau "Da sauƙi." Ko yana kan gargara haka zai ce. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo sawunsu da niyyar hajji suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har wajen Rusairis, ba su yar da wannan ɗabi'a a hanya ba. Mun koyi Larabci, mun koyi cin kisra da shan jabana, amma har wa yau ɗan garinmu ba ya faɗin zafin ciwonsa a gaban mutane. Abin kunya ne, ana kuma ganinsa kamar rashin godiya ga Allah.

Ni kaina na yi shekara 11 ina ba da wannan amsa. A kakar 1914 ba a haife ni ba, amma a kakar 2014 na faɗo daga kan lorin da aka loda wa buhunan riɗi, ƙashin bayana ya taɓu wajen kwankwaso. Maɗori, wanda Larabawa maƙwabtanmu suke kira basir, ya yi nasa ƙoƙari. Wanzami ya kafa ƙaho. Aka ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Daga baya aka yi mini aiki har sau biyu a babban birni. Ƙashin ya haɗe, amma jijiyar da ta ji rauni ba ta daina kuka ba. Ji nake kamar an zuba garwashi cikin ƙafata ta hagu, daga ƙugu har babban yatsa, dare da rana. Salla sai a zaune. Ƙwayoyi kuwa, da tiramol da sauransu, suka zama abincina. Wanda ya ishe ni bana ba ya isata baɗi, ga gyangyaɗi, ga ciki ya ɗaure.

Sa'an nan yaƙi ya zo. Ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba, a ƙarshen Yuni 2024 kuma suka shiga Sinja, babban birnin jiharmu. Muka gudu Gadarif, daga can ƙanena da yake aiki a Alƙahira ya kai mu wurinsa. Shi ne ya kai ni ga wani likita wanda ba shi da wani aiki sai rage wa mutane zafin ciwo, abin da ban taɓa sanin ana ƙwarewa a kansa ba. A bakinsa na fara jin labarin famfon magani.

Bari in bayyana wa mai karatu yadda abin yake. Saƙon ciwo daga ƙafa ba ya isa ƙwaƙwalwa sai ya bi ta laka, wadda take kwance cikin wani ruwa a tsakiyar ƙashin baya. In ka haɗiye mofin, sai ya zaga ciki da hanta da jini duka kafin ɗan kaɗan ya kai ga lakar. In kuwa aka ɗiga shi cikin ruwan nan kai tsaye, ɗan mitsitsi ya isa. Likitoci sukan ƙiyasta cewa kashi ɗaya a can ya yi daidai da wajen kashi 300 ta baki. A 1976 aka fara gwada wannan a kan ɓeraye a Amurka, a 1979 aka ba da rahoton gwada shi ga mutane. Famfon kansa wani ɗan gwangwani ne zagayayye, bai kai tafin hannun babban mutum ba. A ƙarƙashin fatar ciki ake dasa shi, da siririn bututu da zai zagaya ta kwiɓi ya shiga ƙashin baya, yana ɗiga maganin a hankali kamar yadda mai lambu yake sakar wa fangali ruwa.

Amma ba a dasa wa mutum shi sai an gwada. Gama aiki ne mai tsada, mai haɗari kuma, ba kowane jiki yake karɓarsa ba. Wasu likitoci allura ɗaya suke yi su ga abin da zai faru. Nawa ya zaɓi ya sa bututu na wucin gadi, famfon yana waje cikin 'yar jaka, har kwana uku. Ya ce mini tun da fari kada in sa rai ciwon zai tafi duka. Rabi ake nema. In ya ragu da rabi ko fiye, an ci gwajin.

To, a nan fa aka zo wurin mai wuya. Yaya za a san rabin abin da ba a gani? Babu ma'auni irin na zafin jiki. Mara lafiya ne kaɗai zai faɗa, da lamba, daga 0 zuwa 10. Nas ta tambaye ni, na ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Likitan ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Alhaji, godiya ga Allah tana nan, ba wanda zai hana ka. Amma in ka ce mini 3 yau alhali 8 ne, gobe in ya sauka zuwa 3 na gaske zan rubuta cewa maganin bai yi kome ba." Na daɗe ina juya maganar nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai gyara ya zo ya ƙi nuna masa, wa ya cuta? Annabi Ayuba ma, wanda dukanmu muke buga misali da haƙurinsa, ya faɗi wahalarsa a fili gaban Ubangijinsa, Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani duk sun shaida haka. A ganina mun haɗa haƙuri da ɓoyo wuri ɗaya, alhali kuwa ba abu ɗaya ba ne, mata da tsofaffinmu kuwa su suka fi shan wahalar wannan gami. Na ce masa 8. Ƙanena, wanda uwa ɗaya ta haife mu, ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Aka kwantar da ni a gefe, na dunƙule kamar bushiya, aka kashe fatar wurin, likitan ya bi hoton ƙashi ya zura allura tsakanin gaɓoɓin baya. Aka maƙala mini wani abu a yatsa mai lura da numfashi, domin babban haɗarin mofin a laka shi ne ya sa numfashi ya yi ƙasa mutum yana barci. Abin da ya fara zuwa ƙaiƙayi ne, a hanci da fuska, sai tashin zuciya, fitsari kuma ya ƙi fita sai da aka taimaka. Duk an gaya mini za a iya ganin haka. Wajen la'asar na lura ina sauraron wata gardama da masu jinya suke yi a kan ƙwallo, ina bin ta daga farko har ƙarshe. Wanda bai taɓa dogon ciwo ba ba zai gane wannan ba. Ciwo yakan cinye rabin kunnenka. A daren nan na yi barci har asuba. Rana ta biyu na taka daga ɗaki zuwa ƙarshen baranda ba sanda. Rana ta uku na sa goshina a ƙasa, karo na fari tun 2014. Lambar da na bayar 3 ce, ta gaskiya.

Da aka zare bututun na yi kwana biyu da ciwon kai mai tsanani in na tashi zaune, saboda ɗan ruwan laka da ya zurare. Garwashin kuma ya komo wurinsa.

Gwaji ya yi kyau ke nan. Sai likitan ya yi mini tambayar da nake ganin ta fi allurar tasa daraja. Ya ce, "A ina za ka zauna?" Domin famfon nan ba a dasa shi a manta. Bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon yawan maganin, sai an soka allura ta fata an cika shi, wanda ya ƙware ne kuwa zai yi, gama in aka kuskure maganin ya zube ƙarƙashin fata yana iya kisa. In ya ƙare ba a cika ba, ciwon zai dawo tare da azabar yanke mofin farat ɗaya. In ƙwayar cuta ta bi bututun, sanƙarau ke nan. Batirinsa kuma ba ya wuce shekara 7, sai an sake aiki. A Abu Hujar babu mai cika shi. Da damina baƙar ƙasarmu mai danƙo takan riƙe mota kwana da kwanaki, balle a lokacin da hanya take rufewa saboda bindiga.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba rashin famfon ba ne. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. A Yuganda wata likita, Anne Merriman, ta fara a 1993 tana dama garin mofin da ruwa cikin kwalabe domin masu kansa, daga 2004 kuma gwamnati ta yarda nas da aka horar ta rubuta shi. Abu ne mai araha. Na ga tsofaffi a garinmu sun mutu da kansa suna cizon zane, ruwan kwalbar nan kaɗai suke bukata.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani a Janairu 2025, mutane suka fara komawa. Gonata tana can, da kabarin iyayena, da 'ya'ya mata biyu da ba a aurar ba. Kuɗin famfon kuwa sai an sayar da gonar, sa'an nan in zauna ɗakin haya a Alƙahira ina jiran ranar cikawa. Na ce a dakata. Ƙanena ya ɓata rai ƙwarai, ya ce, "Yaya, ka ga ruwa da idonka, za ka koma taimama?" Na ce masa ruwan yana bakin wani kogi ne, ba namu ba. Likitan bai yi mini gardama ba. Ya sake tsara mini ƙwayoyin, ya ƙara wani na jijiya, ya koya mini motsa jiki na safe, ya kuma rubuta sakamakon gwajin a takarda ya sa hannu, ko wata rana hali ya sake.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga nan mota zuwa Wadi Halfa. Uwargida ta saya mini kujera biyu domin in miƙe ƙafar, takardar kuma tana cikin akwatinta, haɗe da takardun gona.