Shekarar da Na Zama Ɗan Maraɗi

Ina saurayi na bar Dosara, lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, manyan motoci na ta tayar da jar ƙura a hanyar Mafara. Na bi ta Jibiya na sauka Maraɗi ci-rani, na raɓa da wani dattijo mai tukuba a bakin kasuwa. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, amma duk unguwar ba mai kirana da sunana, sai dai "ɗan Nijeriya".

Da sanyi ya shigo sai garin ya canza. An buɗe kokawar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauke shi. Kowace jiha ta tura zaratanta. Mu da ba mu je fage ba, rediyon maigidana ce fagenmu. Yakan ɗora ta bisa buhun gawayi, ya kamo Muryar Sahel, mutane su kewaye mu: teloli, 'yan dako, Buzu mai shayi da butarsa. Har yau ina jin ƙamshin ƙuli da hayaƙin tsire haɗe da amon ganga da kirarin 'yan kokawa.

Ranar da ɗan Maraɗi ya yi kaye, ban san sa'ad da na yi tsalle ba. Wani tela ya rungume ni yana cewa, "Mun kayar, ɗan'uwa!" Nama ya ƙone ƙurmus a kan wuta. Maigida ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Bar shi, yaro, yau ko ƙonanne sai an saye." Aka kuwa saye shi tas. Daga ranar aka fara kirana da sunana.

A daren na tuna kokawar da muke yi a dandalin garinmu bayan kaka, da farin wata, 'yan mata na guɗa, ba mai tsoron dare.

Har yanzu ana Takobi duk shekara, Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi sau da dama. Jikokina a waya suke kallo, kowa da tasa, hoto tangaran. Nakan leƙa in taya su murna, sai dai babu kafaɗar da ke gugar tawa. Allah Ya jiƙan maigidana, Ya dawo mana da zaman lafiya, yaran Dosara su sake jin ganga a dandali da dare.