Amritsar: Birnin Da Fure Ba Ya Kwana

A jihar Punjab da ke arewa maso yammacin Indiya, kusa da iyakar Pakistan, akwai birnin Amritsar, wanda shi ne cibiyar mabiya addinin Sikh. Guru Ram Das, na huɗu a jerin shugabanninsu goma, shi ya kafa garin a 1577. A tsakiyarsa kuwa akwai wani babban tafki, cikin tafkin kuma aka gina Harmandir Sahib, ɗakin ibadar da Sarki Ranjit Singh ya lulluɓe samansa da zinariya a ƙarni na 19. Yawancin baƙi zinariyar ce ke ɗauke musu hankali. Ni kuwa da taron masana ya kai ni yankin, abin da ya tsaya mini a rai shi ne furanni, da irin aikin da mutanen nan suka ba su.

Kafin mai karatu ya fahimci wannan aiki, sai ya san matsayin littafinsu, Guru Granth Sahib, mai shafi 1,430. Shugabansu na goma, Guru Gobind Singh, kafin rasuwarsa a 1708 ya ayyana cewa babu wani mutum da zai gaje shi, littafin ne jagora daga nan har abada. Saboda haka suke girmama shi kamar sarki mai rai: yana da gado, da rumfa, da mai yi masa fifita. Kullum da dare sukan ɗauke shi daga tsakiyar tafkin zuwa ginin Akal Takht, tun kafin fitowar alfijir kuma su dawo da shi a kan wani gado mai rumfa da ake ɗauka a kafaɗa.

Na tashi da asubar fari domin in ga wannan dawowa. Na tarar da masu hidimar sa-kai sun riga sun naɗe gadon da sarƙoƙin wani fure ruwan goro da suke kira genda, wanda ake tsirawa a zare ɗaya bayan ɗaya. Da aka busa ƙaho aka taso, sai maza suka jeru, kowa ya sa kafaɗarsa na ɗan lokaci ya ba na gaba, yayin da jama'a ke watsa furen wardi har dutsen da ake takawa ya yi ja. Kafin azahar zafin rana ya sa furannin sun yi yaushi, kashegari kuma sai sababbi. Ba wanda na ga ya damu da wannan. Fure a wurinsu kyauta ce ta yini guda.

Wannan fahimtar ce suke kaiwa wurin mutuwa. Wani abokin aikina ɗan garin, wanda mahaifinsa ya rasu a kwanakin da nake can, ya amince in raka su. An wanke mamacin, aka naɗa masa rawaninsa, 'yan uwa suka riƙa zuwa suna ɗora masa sarƙar fure cikin natsuwa, domin addininsu ya hana kururuwa da bugun ƙirji. A al'adarsu ƙona gawa ake yi, furannin kuma tare da ita suke tafiya. Aka karanta Kirtan Sohila, wato addu'ar da kowane mai bin addinin ke yi kafin ya kwanta barci, aka rufe da addu'ar gama-gari. Daga baya sai a zuba tokar a ruwa mai gudu, da yawa sukan kai ta Kiratpur Sahib a bakin kogin Sutlej. Kundin ƙa'idojinsu, Rehat Maryada, ya hana a gina wa mamaci wata alama ta tunawa. Ke nan babu kabarin da za a riƙa kai wa fure duk shekara. Abin da iyali ke yi shi ne sauke littafin cikin kimanin kwana goma, sannan su ciyar da duk wanda ya zo, ba tare da tambayar addininsa ko asalinsa ba.

Sai dai zamani ya fara gwada wannan sauƙi. A Ingila da Wales, inda ƙidayar 2021 ta nuna mabiya Sikh sun haura 500,000, masu sayar da fure a unguwanni irin su Southall ta Landan sun koyi haɗa manyan kwalliyar jana'iza da siffar Khanda, tambarin addinin mai takubba, ko su jera furanni su rubuta matsayin mamacin, uba ko kaka. Kyakkyawan aiki ne, kuma ƙauna ce ke sa a saye shi. Amma a ganina, da zarar an fara auna baƙin cikin iyali da girman furen da suka iya saya, talaka ya shiga uku, ga rashi ga kunya. Sarƙar genda ta bakin titin Amritsar ba ta bambanta attajiri da direban keke, kuma wannan daidaiton shi ne ginshiƙin abin da Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, ya koyar.

Shi kansa Guru Nanak labarin rasuwarsa labarin fure ne. Mabiyansa na ba da labarin cewa da ajalinsa ya matso a garin Kartarpur a 1539, almajiransa Musulmi suka ce binne shi za su yi, 'yan Hindu suka ce ƙonawa. Sai ya ce kowane ɓangare ya ajiye furanni a gefensa, wanda nasa suka kwana ba su yi yaushi ba, shi ke da gawa. Da gari ya waye aka ɗaga mayafi, ba a tarar da kowa ba sai furanni, na dama da na hagu duka shar. Waɗannan suka binne rabonsu, waɗancan suka ƙona nasu.

Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta bar Kartarpur a ɓangaren Pakistan, 'yan kilomita kaɗan daga iyaka. Shekaru da dama mabiya Sikh na Indiya daga nesa suke hango wurin da madubin hangen nesa, sai a watan Nuwamban 2019 aka buɗe musu hanyar ziyara. Ƙasashen biyu sun yi yaƙi fiye da sau ɗaya, kowacce kuma tana da makamin nukiliya. Duk da haka, garin da suka iya buɗe wa juna ƙofa dominsa shi ne wanda ake cewa mutanensa sun taɓa raba gardamar gawa da furanni, kowa ya koma gida da rabonsa.