Bambeye: Dutse Na Tare Idon Na'ura



Bambeye tana kusa da Tawa, cikin ƙasar Adar. Adar ƙasa ce ta fako da duwatsu da kwari. Wanda ya hau tudu yana hango hadari tun daga nesa. Wanda ke cikin kwari kuwa, sai hadari ya zo kansa.

Akwai wata na'ura mai suna rada, wadda ke gano ruwa cikin gajimare. Aikinta kamar na tocila ne, tana haskawa ɗoɗar. In ta tarar da dutse, ko dogon gini, ko manyan itatuwa, ba ta ganin abin da ke bayansu da kyau. Shi ya sa ake kafa ta bisa wuri mai tsawo, a fili.

A shekarar 2006 masana sun kafa irinta a filin jirgin sama na Yamai. Amma daga Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 300. Duniya kuwa ƙwallo ce. Kafin hasken ya iso nan, ya yi sama, ya bar ruwan da ke zuba a gonakinmu.

To ina dabara? Mu saurari labarin yanayi a rediyo, mu kuma duba ma'aunin ruwa na gari. Sau da yawa ruwa kan sauka a wannan kwari, ya tsallake na gaba. Kafin shuka, kowa ya tona gonarsa ya ga zurfin laima. Iri yana da tsada, kada mu ba busasshiyar ƙasa.