Tattaki a Duwatsun Tongo

 Mu mutanen zango 'yan kasuwa ne, wannan kowa ya sani. Tambayi ɗan zangon Bolga nawa aka sayar da buhun gero a kasuwar da ta wuce, zai gaya maka nan take. Tambaye shi kuɗin mota zuwa Kumasi ko Ankara, ya haddace. Amma ka ce ya nuna maka gonar da geron nan ya fito, sai ya ɗaga hannu sama ya ce can ƙauye. Alhali kuwa ƙauyen yana nan kusa. Duwatsun Tongo ba su kai kilomita 20 daga Bolgatanga ba, ta kudu maso gabas, kuma duk wanda ya bi hanyar Tamale ya hango su ta tagar mota. To, hange daga mota daban, takawa da ƙafa daban. Shi ya sa mu 'yan kaɗan, dattawa biyu da malamin Islamiyya da wasu samari da yara, muka mai da shi al'ada mu je can sau biyu a shekara, da kaka da kuma tsakiyar hunturu.

Mukan tashi bayan sallar asuba. Mota takan bi hanyar Tamale, ta kauce a mararrabar Winkogo, ta sauke mu a garin Tongo, hedkwatar gundumar Talensi. Daga nan sai ƙafa. Guzurinmu bai wuce gorar ruwa da buta da ƙosai da ɗan goro na gaisuwa ba. Ba ma sauri, domin mai sauri ba ya ganin kome sai yatsun ƙafarsa.

Abin da ido zai fara lura da shi shi ne yadda mutanen nan suke zama. Mu mun gaji zaman gari: gida jikin gida, lungu ya shiga lungu, gona kuwa tana bayan gari. Su Talensi kowane gida yana tsakiyar gonarsa, ɗakuna zagaye da rumbu, tazara tsakaninsa da maƙwabci. Toka da shara da kashin dabbobi duk a gonar ƙofar gida suke ƙarewa, saboda haka ana nomanta kowace shekara ba ta gajiya da wuri. Damina ɗaya ce a ƙasar nan, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, don haka sun tsara shukarsu da hikima. Gero mai saurin nuna shi ake shukawa da ruwan farko, a yanke shi a Yuli ko Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yunwa ta fara leƙo gida. Maiwa da dawa kuwa suna tsaye a gona ɗaya da shi har Oktoba ko Nuwamba. A tsakani ga wake, ga gyaɗa, ga gurjiya, ga kuɓewa da yakuwa a gefen gida. Da kaka idan ka shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonakin, karan dawa ya fi ka tsawo, ba ka ganin kome sai sama da kan dutse, kana jin kukan zabi da muryar mata ba ka ganin masu yi.

Da ka fara hawa sai ka ga aikin da ya fi ba mu mamaki. Ƙasar gindin dutse tsakuwa ce da duwatsu, ruwan sama kuma idan ya gangaro yana iya kwashe ƙasa a yini guda. Sai manoman suka tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suka jera su layi-layi a kan gangaren kamar matakala. Kowane layi yana tare ƙasa, yana rage wa ruwa gudu har ya nutse. Wani fegin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma an shuka shi. Ɗaya daga cikin dattawanmu yakan tsaya a nan kowace shekara ya ce wa samari su ɗaga dutse ɗaya su ji nauyinsa, sa'an nan su dubi layukan har inda ido ya tsaya, kafin su sake yi wa mai gero tayin wulakanci a kasuwa.

Itatuwa kuwa makaranta ce ta musamman. Babu wanda ya dasa yawancinsu, amma manomi ya san wanda zai bari idan yana sharar gona. Ga kaɗanya mai man shafawa da na miya. Ga ɗorawa, wadda daga kalwarta ake yin daddawa. Ga kuka da tsamiya da kanya da ɗinya. Ga gawo mai saɓa wa 'yan'uwansa, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi kore da rani dabbobi su samu abinci. A nan ne muke gwada yaranmu, kuma sakamakon ba ya faranta rai. Yaron da ke cin miyar kuka kullum bai san itacen kuka ba sai an nuna masa. Wadda ke sayen man kaɗe a kasuwa ba ta taɓa ganin ɗanyen kaɗe a ƙasa ba. Hausarmu ta zango tana da kalmomin ciniki da na mota da na masallaci, amma kalmomin daji suna zubewa ɗaya ɗaya, domin kalma ba ta zama a baki idan ido bai ga abin ba. Abin ban sha'awa, ƙasar Gana kanta ta riƙe mana wasu. Daddawa ita ce dawadawa da ake faɗa har bakin teku, tuwo mai zafi ya zama sunan abincin arewa baki ɗaya, wake kuma shi ne tushen sunan shinkafa da wake da ake layi a kansa kowace safiya a Ankara. Akwai ma tumuku, wanda muke tararwa ana haƙa a kunya da kaka. A Turance a nan ana kiransa dankalin Farafara, a Nijeriya kuma dankalin Hausa. Abinci ɗaya ne, kowa ya ɗauka nasa ne.

Can cikin duwatsu akwai ƙauyen Tengzug. Gidajensa na laka ne masu rufin soro, inda ake shanya hatsi, sun maƙale tsakanin manyan duwatsu har ba ka rabe gini da dutse daga nesa. Su duwatsun kuwa sai wanda ya gani. Wani ƙato ya hau kan ƙarami ya zauna, ka rantse iska za ta ture shi, amma haka kakannin kakanni suka same shi. Da hunturu, wajen Nuwamba da Disamba, iska tana ratsa tsagoginsu tana fito kamar mutum. A lokacin gonaki sun zama fili, ciyawa ta bushe, hazo ya rufe nesa, kukoki sun tsaya tsirara. Da kaka kuwa, in ka kai sama ka juya, ƙasa duk ta shimfiɗu a gabanka kore da ruwan ƙasa, gidaje a warwatse kamar an watsa tsaba, hayaƙin girki yana tashi nan da can, can kudu kuma ga kwarin kogin Farar Bolta.

Mai lura zai tambaya: me ya sa mutane suka cunkushe a kan tsakuwa, ga kwari mai ni'ima a kusa? Dalili ɗaya shi ne makanta. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yana sa wa mutum tsutsar da ke kashe ido a hankali, har ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse. Sai a 1974 aka fara babban shirin yaƙi da cutar a ƙasashen yankin Bolta, aka yi ta feshin koguna, daga baya aka zo da magani, shirin ya ƙare a 2002. Yau ana noma a kwarin, sai dai wata fargabar ta maye gurbi: idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso wajen Agusta ko Satumba, ruwa yakan cinye gonakin bakin kogi.

Dalili na biyu ya shafe mu. Mutanen Tengzug suna nuna wa baƙo kogunan dutse inda suka ce kakanninsu sun ɓuya daga mahara. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari a ƙasar Gurunshi, yamma da nan, suna kama mutane, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama a arewa a kasuwanni irin su Salaga aka sayar da su. Salaga kuwa ita ce matattarar fataken ƙasar Hausa masu neman goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa su zuwa zangon Kete Karaci da Kumasi da sauransu. Labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawan ma da Hausa wani Malam Abu ya rubuta shi. Wato harshen da muke alfahari da shi, akwai zamanin da jin sa a bakin baƙo ba albishir ba ne ga mutumin ƙauye. Ba mu faɗi wannan don a ɗora wa na yau laifin na jiya ba. Mun faɗa ne don yaranmu su san cewa maƙwabtanmu suna da nasu tarihin, kuma muna cikinsa.

Bayan mahara sai Turawa. A 1911 sojojin Ingila suka hau duwatsun nan da bindiga, suka kori mazauna, suka hana zuwa wurin bautarsu, suka sake komawa a 1915. Duk da haka mutanen ba su saki wurinsu ba, sannu a hankali suka koma. Sunan wurin bautar, Tongnaab, ya ma ƙara bazuwa, har manoman koko daga Asante suka riƙa tahowa neman kariya daga mayu. Wani masani, Meyer Fortes, ya zauna cikin Talensi tsakanin 1934 da 1937, ya fitar da littattafai biyu a kansu a 1945 da 1949. A shekarar 2000 Gana ta sa ƙauyukan Tengzug cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Na nesa sun zo sun gani, mu na kusa muna cewa can ƙauye.

Wasu 'yan'uwa sukan tambaye mu ko ya dace Musulmi ya je wurin da ake tsafi. Amsarmu a fili take. Wurin bautar yana cikin kogo a sama, kuma ƙa'idarsu ita ce mai shiga ya cire takalmi da riga. Mu ba ma shiga, ba ma ba da kaza, ba ma neman kome a can. Mukan faɗa wa mai yi mana jagora tun daga ƙasa, cikin ladabi, kuma ba a taɓa tilasta mana ba. Idan azahar ta yi mukan nemi izinin mai gona mu shimfiɗa abin salla a inuwar tsamiya. Akwai wani tsoho da gidansa ke bakin hanya, yana jin Hausa sosai, irin ta waɗanda suka yi aikin soja ko suka zauna kudu. Muna ce masa Baba, yana ce wa kowannenmu Malam, har yara. Shi ke sa a kawo mana ruwan alwala a ƙwarya. Bai bar addininsa ba, ba mu bar namu ba, goronmu kuma yana karɓa da hannu biyu. Lokacin bikin Golob, wajen Maris zuwa Afrilu, kafin shuka, suna da dokoki masu tsauri a kan sutura da hayaniya, don haka mukan bar musu dutsensu har su gama.

Ba kome ne ke nan yadda yake ba. Ana fasa dutse a yankin don gine-gine. A gabashin gundumar, wajen Gbane, haƙar zinariya ta ja samari da yawa, wasu kuma sun gangara Kumasi da Ankara neman kuɗi. Layin dutse idan ya rushe hannu yake so, hannun kuma yana raguwa. Ana sare kaɗanya a yi gawayi, gawayin kuwa a murhunmu na gari yake ƙarewa. Duk kaɗanyar da ta faɗi, man da matanmu ke saya ya ƙara tsada. Duk gonar da ruwa ya wanke, mudun gero ya ƙara nisa da talaka. Abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki. Dattawanmu da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, sun san ɗacin a kira ka baƙo a garin da aka binne cibiyarka. Yau muna riƙe da katin ɗan ƙasa, alhamdu lillahi, amma kati a aljihu yake zama. Wanda ya san sunan ƙauyukan da ke kewaye da shi, ya san gaisuwarsu, ya sha ruwan gidansu, ya je musu ta'aziyya, shi ne ake tsaya wa ranar da magana ta tashi.

Saboda haka muna kira ga malaman Islamiyya da shugabannin samari na zangon Bolga, da na Walewale da Tamale masu iya zuwa: ku ware rana ɗaya bayan an yanke gero, ku kwashi yara ku kai su. Ku fara gaida masu gari, ku ɗauki jagora daga cikinsu ku biya shi haƙƙinsa. Kada a taka shuka, kada a tsinki abin da ba a ba ku ba, kada a ɗauki hoton mutum ko wurin bauta sai da izini. A sa kowane yaro ya dawo da sunayen itatuwa goma da Hausa, da biyar da harshen masu ƙasa. Wanda ke zaune a wani gari kuma ya duba bayan garinsu, ba zai rasa tudu da gonaki da mutanen da suke ciyar da shi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.